Gangar da Ta Ƙi Yin Shiru

Waɗanda suka tashi a ƙauye irina ba su manta da tsagar saifa ba. Yaro ya yi ta fama da zazzaɓi damina bayan damina, cikinsa ya taso ta gefen hagu, sai a kira wanzami ya zo da zabirarsa, ya yi masa 'yan tsage-tsage a ƙarƙashin haƙarƙari, a shafa magani baƙi. Da yawa daga cikinmu har yau muna ɗauke da wannan tabo a ƙarƙashin manyan rigunanmu. Iyayenmu ba su yi kuskure wajen gano wurin ba, saifa ce kuwa ta kumbura, kuma galibi zazzaɓin cizon sauro ne ya kumbura ta. Sai dai ba kowace saifa ce ta sauro ba.

A 1973, shekarar da aka kawo mana naira muka rabu da fam da sule, ƙanin mahaifina ya fara ciwo. Baffa mutum ne da ake ji da shi a wurin gayya, in ya kama kunya sai samari su bi bayansa suna haki. Sai ga shi yana zama a gindin bishiya tun hantsi bai yi ba. Da dare gumi ya jiƙa masa tabarma ko da sanyi ake yi. Loma uku ta tuwo, ya ce ya ƙoshi. Gefen cikinsa na hagu ya yi tauri kamar an cusa dutsen niƙa. Wanzami ya yi tsaga har sau biyu, ba ta sauka ba. Da aka kai shi babban asibiti a birni aka ɗebi jininsa, ni ne na riƙe masa jakar kaya a bakin ƙofa, ina ɗan makarantar sakandare.

Da ya fito na ce, "Baffa, me likita ya ce?"

Ya ce, "Ɗana, wai dakarun jinina ne suka yi yawa. Ka taɓa jin garin da yawan dakarunsa ya cinye shi?"

Ban taɓa ji ba. A gida ma ba wanda ya taɓa ji, shi ya sa aka nemi wani bayanin da ya fi kama hankali. Baffa yana da tsohuwar taƙaddamar iyakar gona da wani maƙwabci, nan da nan aka haɗa biyu da biyu aka ce jifa ne. Gidaje biyu da suka shekara hamsin suna musayar akushi suka daina gaisawa. Asibiti sun ba shi wasu 'yan ƙwayoyi masu suna busulfan, maganin da ake da shi a wancan zamani, suka rage yawan dakarun, saifar ta ɗan sauka, har ya koma gona damina biyu. A shekara ta huɗu ciwon ya juyo da fushi, cikin 'yan makonni Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Na daɗe da girma kafin in san sunan abin. Sankarar jini ce, irin mai tafiyar hawainiya wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan CML. A ɗigon jinin da bai kai kan allura ba, wanda masana ke kira maikirolita, mai lafiya yana da fararen ƙwayoyin jini tsakanin 4,000 da 11,000. Mai wannan ciwo yakan haura 100,000. Saifa, wadda aikinta tace jini, ita ke shan wahalar cunkoson. Amma tambayar Baffa tana nan: wa ya ce wa ɓargo ya yi ta haifar dakaru ba ƙaƙƙautawa?

Kafin mu kai ga amsa sai mun tuna yadda saƙo yake tafiya a garuruwanmu na da. Sarki ba ya zagaya gida-gida. Yakan faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, mai shela ya ɗauki kuge ya bi lungu. Jikin ɗan Adam ma haka yake, gari ne mai ƙwayoyi fiye da tiriliyan 30, kuma ba wadda ke yin gaban kanta. Ƙwayar da ke cikin ɓargo ba ta rabuwa biyu sai an aiko mata. Manzon wani sinadari ne da ke yawo cikin jini, kuma sau da yawa ba ya shiga cikin ƙwayar, a bakin ganuwa yake tsayawa ya taɓa sarkin ƙofa. Sarkin ƙofa ya juya ya taɓa na ciki, na ciki ya taɓa na gaba da shi, har maganar ta isa cibiyar ƙwayar, inda aka adana littattafan gado. A can ake buɗe shafin da ya ce a rabu, ko a dakata, ko ma a mutu don lokaci ya yi.

Yadda ɗaya ke taɓa ɗaya shi ne abin sha'awa. Tun shekarun 1950 wasu masana biyu a birnin Siyatil na Amurka, Edwin Krebs da Edmond Fischer, suka nuna cewa akwai furotin da aikinsu buga hatimi kawai. Sukan ɗauko ɗan guntun sinadarin fosfet su manna wa wani furotin, shi kuma da ya ji hatimi a jikinsa sai ya farka ya kama aiki. Ana kiran masu hatimin nan kainez, kuma jikinmu yana da irinsu fiye da 500. Akwai kuma wasu da aikinsu goge hatimin, don wanda aka tasa ya koma ya kwanta. Sai a 1992 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel, bayan furfura ta gama cin kansu.

Wannan gogewar ita na fi so mu riƙe. Ku tuna ranar gayya. Makaɗi ya rataya gangar noma, samari suna bin kunya, ƙura tana tashi. Amma gwanin makaɗi ba a hannunsa kaɗai ake gane shi ba, a idonsa ne. Da ya hango an kai gefen gona sai ya sauke gula, ganga ta yi shiru, kowa ya ajiye garma ya nufi inuwa wurin fura. Da a ce makaɗin ya rufe ido ya ci gaba da kiɗa, kuma samarin ba su san wata doka ba sai ta ganga, da sun juyo sun bi ta kan shukar da suka gama yi wa noma, sun tsallaka gonar maƙwabci, har su faɗi. Shirun gangar nan rabin saƙon ne. Mu da muke zamanin da waya ke ƙara dare da rana, saƙo ɗaya a tura shi gida dubu ba wanda ya tsaya ya tambayi inda ya fito, ya kamata mu fi kowa gane ciwon kiran da ba ya ƙarewa.

Neman makaɗin da ya ƙi sauke gula a jinin irin su Baffa ya faro ne daga ruwan famfo. Wani matashin likita a Jami'ar Fensilbaniya, Peter Nowell, yana rainon ƙwayoyin sankarar jini a kan gilashi, sai ya ɗauraye su da ruwan famfo maimakon ruwan gishirin da aka saba. Ƙwayoyin suka sha ruwa suka kumbura, ƙunshin littattafan gadon da ke cikinsu, waɗanda ake kira kuromosom, suka baje har ana iya ƙirga su a madubin likita. A lokacin ilimin yana jariri, domin sai a 1956 ne ma aka tabbatar kuromosom ɗin mutum 46 ne, kafin nan 48 ake koyarwa. Nowell ya haɗa kai da wani ɗalibi mai kaifin ido, David Hungerford. A 1960 suka ba da rahoto gajere, wanda bai cika shafi ba, cewa a jinin majinyata bakwai masu wannan ciwo sun ga kuromosom ɗaya ya gajarce fiye da ƙima, kuma a dukansu bakwai ɗin. Aka raɗa masa sunan garinsu, kuromosom ɗin Filadelfiya. Manyan masana da yawa suka ɗaga kafaɗa. A ganinsu sankara ce ta farfasa kayan ɗaki, wannan guntun ɓaraguzai ne kawai, ba shi ya kawo gobarar ba.

Shekara goma sha uku abin yana kwance. Wadda ta tashe shi mace ce, uwar 'ya'ya huɗu maza, mai zuwa aiki kwana uku a mako a Jami'ar Shikago don ta samu lokacin gida. Janet Rowley ta koyo wata sabuwar hanyar rini a Oksfod ta Ingila, wadda ke fito da zane-zane a jikin kowane kuromosom kamar ratsin saƙi, har a bambanta wannan da wancan. Takan ɗauki hotunansu ta kawo gida, ta sa almakashi ta yanka ɗaya bayan ɗaya, ta jera su biyu-biyu a kan teburin cin abinci, tana gargaɗin yaranta kada wanda ya yi atishawa a wurin. A kan wannan tebur ta lura cewa guntun da ya ɓace daga kuromosom na 22 bai ɓace ba. Ga shi can maƙale a wutsiyar na 9. Ta buga wannan a 1973, shekarar da nake tsaye a ƙofar asibiti da jakar Baffa a hannu. Duk lokacin da na tuna haka sai jikina ya yi sanyi.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya san littattafanmu na rubutun hannu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi. In iska ta kaɗa littattafai biyu, almajiri ya tattara da gaggawa, sai ka ga farkon wannan babi ya haɗu da ƙarshen wancan. Karatun zai tafi sumul, amma hukuncin da zai fito ba na kowane daga cikin malaman biyu ba ne. Abin da masana a Holan da Amurka da Isra'ila suka warware ke nan a farkon shekarun 1980. Musaya ce aka yi. A kan na 9 akwai ƙwayar gado mai suna ABL, wadda ke ɗauke da umarnin ƙera wani mai hatimi. A kan na 22 akwai wata mai suna BCR. Da aka karye aka sake haɗawa, kan BCR ya zauna a kan gangar jikin ABL, aka samu furotin da ba a taɓa halittar mai lafiya da shi ba.

Shi ABL na asali mai ladabi ne. A farkonsa akwai wani ɗan sashe da ke lanƙwasowa ya kulle shi, ba ya buga hatimi sai an aiko. To wannan sashen ne ake bari a baya wurin karyewar. Warƙar da aka rubuta sharaɗin a kanta ta faɗi, saura umarnin bugawa kawai. Ƙari a kan haka, kan BCR yana da ɗabi'ar jawo 'yan'uwansa su dunƙule, sai su yi ta buga wa juna hatimi suna ƙara zuga juna. Daga nan duk hanyoyin da ke gangarawa cibiya sai su cika da shela iri biyu: ku rabu, kuma kada ku mutu. Ba manzon da ya zo bakin ganuwa, ba sarkin da ya yi aike. A 1990, a ɗakin binciken David Baltimore, aka sa wannan haɗaɗɗiyar ƙwayar gado a ɓargon ɓeraye, suka kamu da ciwo irin na mutane. Gardama ta ƙare. Ɗan guntun da aka raina shi ne ya kunna wutar.

Da ɗan gari akan ci gari. Ba maye, ba maƙwabci, ba abin da aka binne a kan iyakar gona. A cikin ɓargon Baffa, wata rana da ba wanda ya ji ko ya gani, ƙwaya ɗaya tak ta yi wannan tuntuɓe, 'ya'yanta da jikokinta suka gaje shi har suka mamaye gidan. Kuma ba irin gadon sikila ba ne, wanda uwa da uba ke haɗuwa su ba ɗa. Wannan a jinin mutum yake faruwa bayan an haife shi, ba ya bin zuriya, ba a kuma ɗaukarsa a ƙwarya ko a tabarma. Na faɗi haka ne don na ga yadda aka yi ta jan ƙafa wajen neman auren 'ya'yan Baffa mata, ana raɗe-raɗin ciwon gidansu.

Da aka gane wannan, sai aka ga ashe hanyar saƙo takan lalace ta fuska da yawa. Akwai wani ɗan aike a cikin ƙwaya mai suna RAS, wanda aka halitta da dabarar kashe kansa da kansa jim kaɗan bayan ya isar da saƙo. A 1982 aka gano sauyin harafi ɗaya a littafinsa, wanda ya isa ya hana shi kashewar, kuma irin wannan sauyi yana cikin kusan tara daga kowace goma ta sankarar da ke kama gaɓar ciki mai sarrafa sukari, wato fankiriyas. Akwai kuma inda shelar da ta maƙale ta tsayawa ce. Yawancin wadannin da muka sani a garuruwanmu, masu cikakken jiki da gajerun hannuwa da ƙafafu, wani sarkin ƙofa ne mai suna FGFR3 a guringuntsin ƙashinsu yake ta cewa a dakata da tsawo tun ba a kai ko'ina ba. An gano haka a 1994, kuma kusan takwas cikin goma iyayensu masu tsayin kowa da kowa ne, don haka zargin da ake ɗora wa iyaye mata ba shi da tushe. Wani lokacin kuma sarkin ƙofar ne kurma. Likita Zvi Laron ya bayyana wasu yara a 1966 waɗanda jininsu ke cike da sinadarin girma amma ba sa girma, manzo yana ta sallama ba mai amsawa. Da aka bi masu irin wannan hali a kudancin ƙasar Ekwado shekara da shekaru, sai aka tarar da ƙyar ake samun mai sankara ko ciwon sukari a cikinsu. Ikon Allah, ƙofar da ta hana su tsawo ita ta tare musu wata masifar.

Mu koma kan gangarmu. Tunda an san makaɗin, ko za a iya riƙe hannunsa shi kaɗai? Masana da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Duk masu hatimin nan ɗari biyar daga kurtun tawada iri ɗaya suke dangwala, wani sinadari mai suna ATP, don haka duk abin da ya toshe kurtun ɗaya zai toshe na sauran, mutum ya mutu. Wasu masu haɗa magunguna a kamfanin Ciba-Geigy da ke Basel ta Suwizalan, ƙarƙashin Nicholas Lydon, suka ƙi yarda, suka yi ta sassaƙa sinadari har suka samu wanda ya dace da kurtun ABL a lokacin da yake rufe. Wani likitan sankara a jihar Oregon, Brian Druker, wanda ya gaji da rubuta wa iyalan majinyatansa takardar ta'aziyya, ya gwada shi a kan ƙwayoyin ɓargo, ya ga yana kashe masu ciwon yana barin masu lafiya. Ya yi ta naci har aka fara gwaji a kan mutane a watan Yunin 1998. Cikin majinyata 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a rana, jinin 53 ya dawo daidai, galibi cikin makonni huɗu. A watan Mayun 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Sunansa imatinib, a kasuwa kuma Glivec. Ciwon da a da yake ba mutum shekara uku zuwa biyar, sai ga shi a babban binciken da aka bi majinyata shekara goma, 83 cikin 100 suna raye.

Daga rahoton Nowell zuwa wannan ƙwaya shekara 41 ne. Ina so matasanmu masu karatun kimiyya su ƙirga da yatsunsu. Hungerford bai ga ƙarshen labarin ba, ya rasu a 1993. Kusan duk wanda ya ɗora bulo a ginin nan bai san ɗakin da ake ginawa ba, ya dai ga abu ƙarami da bai gane ba, ya ƙi kau da kai. Yau sunan maganin kowa ya sani a asibiti, matar da ta jera hotuna a teburin cin abinci kuwa sai an tona.

Ba a ce an gama ba. Maganin yana riƙe hannun makaɗi ne, ba ya korarsa daga gari, shi ya sa yawancin masu sha kullum ne, kuma wanda ya riƙa tsallake kwanaki yana ba ciwon damar sake dabara. Wani lokaci harafi ɗaya ya ƙara sauyawa, a gurbi na 315 na furotin ɗin, bakin kurtun ya canja, maganin ya kasa shiga. Dole aka ƙero wasu magungunan bayansa. Ga kuma tsada, wadda ta sa shekarun farko ya fi ƙarfin talaka ko a ƙasashen masu kuɗi. A Najeriya, a 2003 wani shirin tallafi ya fara ba da shi kyauta ta asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, kuma mutanenmu daga Kano da Sakkwato da Maiduguri sun sha kwana a mota don su karɓo. Wanda ya ga dattijo ya sauko daga doguwar tafiya irin wannan da kwalin magani a aljihun 'yar shara, ya san abin da rai yake nufi ga mai shi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yanzu da yawa ba sa isa asibiti sai saifa ta sauko har cibiya, jiki duk tabon tsaga, alhali gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, wanda ɗakunan gwaji na cikin unguwa ma suna yi, ya isa ya nuna akwai magana. Babban mutum mai kumburin hagu da gumin dare da rama, a gaida wanzami da mutunci, a wuce a ɗebi jini.

Da Sallar layyar da ta wuce na je gida, na zauna da babbar 'yar Baffa, wadda yanzu ita ce tsohuwar gidan. Hira ta kai mu kan rasuwar mahaifinta, sai na ɗauko littattafai biyu na jikanta, na cire takarda daga wannan na sa a wancan, na yi mata bayanin da na yi muku. Ta daɗe tana kallon tabarma. Maƙwabcin nan ya fi shekara talatin a ƙasa, ɗansa ne a gidan yanzu, shi ma ya tsufa.

Ta ce, "Yaya, ashe alhakin bawan Allah muka ɗauka duk shekarun nan."

Ban ce komai ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe tukunyar suya. Ta zaɓo tsoka masu kyau ta cika kwano, ta rufe da faifai, ta ƙwala wa jikan kira. Yaron ya tsaya yana tambayar wane gida, don tun da aka haife shi ba a taɓa aikensa can ba. Ta gyara mayafinta, ta karɓi kwanon daga hannunsa, ta ce ya biyo ta a baya.